Sharhi: Tsofaffin Kajin Gona a Gidajen Masarautar Daura, Riba ko Asara?

Kamar yadda jama'a suka sani, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin masara da waken soya ya yi tashin gwauron zabi, abin da ya tilasta wa masu gidajen gona da dama rage kajinsu ko rufe gonakin baki ɗaya, ƙwai kuma ya ƙara tsada. Wannan hali ya sa wasu magidanta da matan aure suka fara sha'awar sayen tsofaffin kajin gona, wato waɗanda aka fitar daga keji bayan sun rage yin ƙwai, domin su ajiye su a gida maimakon yankawa. Tunani ne mai kyau, amma akwai buƙatar al'ummar ƙananan hukumomin Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure su san abin da suke saye kafin su fitar da kuɗinsu.

Kazar gona takan fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, kuma idan ta samu kulawa tana iya yin ƙwai kusan 300 a shekara. Idan ta kai mako 72 zuwa 80 sai ƙwan ya ja baya, har ya kasa biyan kuɗin abincin dubban kaji, daga nan mai gona ya sayar da su ga dillalai, galibi dab da bukukuwan Sallah ko ƙarshen shekara. Ke nan kazar ba ta daina ƙwai ba, raguwa kawai ya yi, kuma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake hango rabonsa.

A ƙasashen Turai wannan al'ada ta daɗe. Tarayyar Turai ta haramta tsohon samfurin ƙuntataccen keji daga shekarar 2012, a Ingila kuwa wata ƙungiya mai suna British Hen Welfare Trust, wadda aka kafa a 2005, ta raba wa gidaje irin waɗannan kaji har miliyan ɗaya ya zuwa 2024. Sai dai su tausayin kazar ne a gabansu, yayin da a wajenmu magana ce ta jari da cimakar iyali. Saboda haka lissafi ya zama dole.

Kazar gona ɗaya tana cin kimanin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a kullum, wato buhu mai kilo 25 zai kai kaji goma kimanin mako uku. Idan kajin nan goma suna ba da ƙwai shida a rana, a mako ukun za a tara kiret huɗu da ɗoriya. Idan kuwa ƙwan ya sauka zuwa uku a rana, kiret biyu kacal za a samu. Sai mai kiwo ya kwatanta kuɗin buhun da kuɗin kiret a kasuwarsu. Duk lokacin da ƙwai ya kasa biyan abinci, dabara ita ce a sayar da kajin ko a yanka, ba a ci gaba da ciyarwa ba. Wanda kuma yake zaton zai riƙe su da dusa da tsabar gero kaɗai kamar kajin Hausa, to ya sani ƙwan zai tsaya, domin jikinsu na buƙatar abinci mai gina jiki da sinadarin ƙashi da ke ƙarfafa ɓawon ƙwai.

Haka nan, wajibi ne sabon mai kiwo ya fahimci cewa kazar da ta shekara fiye da ɗaya a cikin keji ba ta san tona ƙasa ba, ba ta san gudun shaho ko muzuru ba, kuma sau da yawa an datse mata baki tun tana ƙarama. Takan zo da gashi a tsige da ƙafafu marasa ƙwari, sannan sauyin wuri kan sa ta dakatar da ƙwai na ɗan lokaci. Tana buƙatar akurki mai inuwa da iska, da ruwa mai sanyi a kodayaushe, musamman a bazarar Daura daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura maki 40. Bugu da ƙari, ba kasafai irin wannan kaza take kwanci ba, don haka mai neman 'yan tsaki ya riƙe kazarsa ta Hausa.

Babban abin da ya kamata hukumomi su sa wa ido shi ne cuta. Idan dai ba a manta ba, a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, maƙwabciyar wannan masarauta. Cutar ta sake dawowa Najeriya a 2015 da kuma 2021. Darasin da aka koya shi ne safarar kaji masu rai daga kasuwa zuwa kasuwa na cikin manyan hanyoyin yaɗuwarta, kuma gonar da cuta ta shiga tana iya gaggauta sayar da kajinta da araha don guje wa asara. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Ban da wannan akwai annobar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle, wadda kan share kajin ƙauye a lokacin hunturu. Kaza guda mai ɗauke da cuta ta isa ta hallaka kajin unguwa da zabinta, waɗanda su ne asusun mata na biyan kuɗin magani da hidimar makarantar yara.

Don haka shawara ga mai farawa ita ce ya soma da kaji biyar zuwa goma, ya saye su kai tsaye daga gonar da ya sani, ya kuma tambayi shekarunsu da rigakafin da aka yi musu. Ya guji kazar da ke gyangyaɗi, ko mai kumburin fuska, ko mai zawo. Idan ya kawo su gida ya keɓe su na tsawon mako uku nesa da sauran kaji da agwagi, da mazubin ruwansu na daban. Kajin gida kuma a yi musu rigakafi, domin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da maganin rigakafin Newcastle mai jure zafi, wanda ya dace da karkara. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, kada a bar yara su taɓa. A binne su da zurfi a kuma sanar da malamin dabbobi nan take.

Daga ƙarshe, muna kira ga sassan aikin gona na ƙananan hukumomi da malaman gona na hukumar KTARDA da su riƙa leƙa layin kaji a ranakun kasuwa, musamman kasuwannin kan iyaka irin ta Mai'adua, su kuma shirya rigakafi kafin shigowar sanyi. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen isar da wannan saƙo ga mata a cikin gidaje, kasancewar su ne masu kiwon. Tsohuwar kazar gona tana iya ba iyali ƙwai na wasu watanni da nama a ƙarshe, amma sai ga wanda ya keɓe ta, ya ciyar da ita yadda ya kamata, ya kuma san ranar da zai rabu da ita.