Sanin "Ya Isa": Darasin Dattawan Sin Ga Mutanen Yola Da Jimeta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, rayuwa a Yola da Jimeta ta ƙara nauyi. Kuɗin Keke Napep ya hau, mudun masara ya hau, haya ta hau, samu kuwa yana rarrafe a baya. A ƙarshen Yulin shekarar sai da gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 bayan an fasa rumbunan abinci. Babu mai hankalin da zai raina wannan ƙunci. Sai dai damuwar da ke hana mu barci kashi biyu ce: akwai wadda hali ya ɗora mana, akwai wadda muka ɗora wa kanmu. Ta biyun muna da ikon sauke ta, kuma a kanta ne wata tsohuwar hikima ta ƙasar Sin take da abin faɗa mana.

Wannan hikima, wadda ake kira Tao, ta tsiro ne daga wani ɗan littafi mai suna Dao De Jing, mai gajerun babi 81, wanda ake jingina wa dattijo Laozi, kuma ya haura shekara 2,000 ana karanta shi. Darussa biyu daga cikinsa sun shafe mu kai tsaye. Na farko, wadata tana ga wanda ya san iyakar buƙatarsa, domin wanda bai san inda zai ce "ya isa" ba talaka ne ko nawa ya tara. Na biyu, mutum ya yi aiki daidai da yanayin abu da lokacinsa, ya daina tilasta abin da bai nuna ba. Littafin yakan buga misali da ruwa, wanda yake bin gangare ba tare da gasa da kowa ba, amma a hankali yake cin dutse.

Mu auna rayuwarmu da wannan ma'auni. Magidanci a unguwar Luggere ko Karewa zai aurar da 'yarsa, sai ya ci bashin da zai shekara yana biya, don kada a ce kayan ɗakinta ba su kai na 'yar maƙwabci ba. Saurayi yana jinkirta aure saboda yawan akwatunan lefe. Uwargida tana taɓa kuɗin adashi don ankon bikin da ba dole ba ne ta je. Matashi yana kwana a kan TikTok da Facebook yana kallon motocin wasu, gari ya waye ya zuba ɗan jarinsa a cacar ƙwallo ko a hannun masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Duk wannan ba yunwa ce ta kawo shi ba, gasa ce da tsoron "me za a ce". Hausawa sun riga sun gano cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Abin da Laozi ya ƙara shi ne nuna cewa maganin yana cikin ragewa, alhali mu kullum a cikin ƙari muke neman sa.

Wani zai ce, me ya haɗa Musulmi ko Kirista da koyarwar da take da wuraren bauta da al'adunta a Sin? Tambaya ce mai kyau. Ba kiran kowa nake zuwa wani addini ba, kuma natsuwar mai imani tana ga Ubangijinsa. Abin da nake nufi shi ne lura da halin ɗan Adam, wanda duk al'umma mai zurfin tunani takan iso gare shi. Malamanmu suna kiran sa ƙana'a da tawakkali. Fulanin Adamawa, tun kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, suna tarbiyyar 'ya'yansu a kan pulaaku: munyal, wato haƙuri da juriya, semteende, wato kunya da kamun kai, da hakkiilo, wato hankali da hangen nesa. Idan dattawan wata nahiya da ba su taɓa jin labarinmu ba suka cimma abin da kakanninmu suka cimma, wannan shaida ce cewa gadon da muke sakaci da shi gaskiya ne.

Suka mafi nauyi ita ce cewa irin wannan magana tana koya wa talaka miƙa wuya, ta kuma wanke masu mulki. Littafin da kansa ya ɗora alhakin yunwar jama'a a kan shugabannin da suke cika haraji da katsalandan, don haka ba makamin azzalumi ba ne. Barin tilastawa kuma ba lalaci ba ne. Alal misali, a ƙasar Sin, wajen shekara ta 256 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gwamna Li Bing ya tsara aikin ruwa na Dujiangyan a kan kogin Min a lardin Sichuan. Maimakon ya tare kogin, sai ya raba shi ya ba shi hanya, kuma har yau aikin yana shayar da gonaki yana rage ambaliya. Mu kuwa a gaɓar Binuwai mun ga ambaliyar da aka yi a 2012 da 2022 da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ga shi har yanzu ba a gina madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganarta ba, kuma muna ci gaba da gini a kan hanyar ruwa muna toshe magudanai da shara. Neman haƙƙi a kan irin wannan yana buƙatar naci na shekaru, kuma mai natsuwa ne kaɗai yake iya shi. Mai fushin kwana ɗaya yakan fasa rumbu, ya koma gida da yunwarsa.

Haka kuma kwanciyar hankali ba ta nufin toshe kunne ga kukan wani. A ƙarshen 2014, da Boko Haram ta kama Mubi, dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo Yola da Jimeta. Wasu sun sauka a sansanoni irin na Malkohi da Damare, wasu a harabar majami'ar St. Theresa, amma mafi yawansu gidajen jama'a ne suka ɗauke su. Mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, tukunyar mutum biyar ta ciyar da goma. Wanda yake ganin abin hannunsa bai taɓa isa ba, ba zai iya irin wannan kyauta ba.

Saboda haka gyaran yana farawa daga abubuwan da ba sa jiran gwamnati. Iyalai biyu su zauna kafin biki su yanke abin da za su iya ba tare da bashi ba. Limamai da fastoci da masu unguwanni su fito fili su yaba wa wanda ya sauƙaƙa, domin kunyar da ke sa mutane cin bashi jama'a ce ta ƙirƙiro ta, jama'a ce kuma za ta iya janye ta. A ajiye waya bayan sallar isha'i a ba barci haƙƙinsa. Wanda damuwarsa ta zama ciwo ya ga likita, wannan ma hakkiilo ne. Ƙarfin da muka ceto daga gasa shi za mu fuskanci tsada da ambaliya da shi, mu kuma tambayi waɗanda muka zaɓa abin da suka yi da amanarmu.