Jami'ar Bauci Da Ilmin Lantarki: Me Muka Shuka, Me Muka Girba?

Duk wanda ya shiga kasuwar Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a nan Ikko, zai ga tulin wayoyin hannu, da rediyo, da faranten sola, ana ta ciniki tun safe har magariba. Zai kuma ga yaranmu na Arewa, wasu suna dako, wasu suna gadi, wasu sun kafa ɗan tebur suna canza gilashin waya. Sana'a ce, ba mu raina ta ba. Amma fa akwai tambaya: ina waɗanda suka san abin da ke cikin cikin waɗannan na'urori? Amsar tambayar nan ita ta kai mu Bauci a wannan mako.

A shekarar 1980 ne gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bauci, tare da irinta a Makurdi da Owerri, ta kuma ɗauki ɗalibai na farko a 1981. Manufa ita ce a horar da injiniyoyi da masana kimiyya domin masana'antun da ake fatan za su cika ƙasa. Ba a je ko'ina ba sai kuɗin man fetur suka ja baya. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta mai da ita kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sai a 1988, zamanin Janar Babangida, aka sake ba ta cin gashin kanta da sunan Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yau tana da mazauni biyu, na Yalwa a cikin gari da na Gubi a bayan gari.

To, a cikin sassan wannan jami'a akwai sashen injiniyancin wutar lantarki da ilektaronik. Bari mu ɗan fayyace, domin mutane da yawa suna zaton wayarin gida kawai ake koyo. Ɓangare ɗaya ya shafi babbar wuta, watau samar da ita da rarraba ta ta taransifoma da manyan wayoyi. Ɗaya ɓangaren kuwa ya shafi ƙaramar wuta da ake sarrafawa a cikin wani ma'adini mai suna silikon, wanda daga yashi ake tace shi. Da shi ake yin taransista, abin nan da ya ba rediyon iyayenmu suna. A 1947 aka ƙirƙiro taransista a Amurka, yau kuwa akwai biliyoyinta a cikin wayar da ke aljihunka. Farantin sola ma da silikon ɗin nan yake mai da hasken rana wuta.

Karatun digiri na farko shekara biyar ne. Shekarar farko ta lissafi ce da fiziks da kemistiri. Daga nan ɗalibi ya shiga zanen injiniya, da lissafin zagayen wuta, da sadarwa, da sarrafa injuna. A shekara ta huɗu yakan tafi masana'anta koyon aiki na kimanin wata shida, a ta biyar kuma ya ƙera wani abu da hannunsa ya kare shi gaban malamai. Bayan hidimar ƙasa da 'yan shekarun aiki, sai ya nemi rajista a hukumar injiniyoyi ta COREN kafin a kira shi cikakken injiniya.

A nan ne gizo ke saƙar. An kafa jami'ar ne a lokacin da kamfanin Steyr yake harhaɗa manyan motoci da taraktoci a Bauci, masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suna aiki dare da rana. Yawancinsu sun durƙushe. Saboda haka ɗalibin da ke neman wurin koyon aiki sau da yawa sai ya niƙo gari zuwa Ikko ko Fatakwal, in ya gama kuma nan ɗin dai zai dawo neman abinci. Arewa ta yi noma, wasu sun sha romo.

Matsala ta biyu ita ce kayan aiki. Ba a koyon ilektaronik a kan allo kaɗai, sai da ɗakin gwaji, da na'urorin awo, da wuta mai tsayawa. Asusun TETFund yana gina azuzuwa yana tura malamai ƙaro ilmi, amma na'ura tana tsufa da sauri fiye da gini. Ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i: na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas.

Ta uku ita ce batun alƙibla. A 2021 jami'ar fasaha ta Yola ta koma jami'a ta gama-gari, kuma a Bauci ma akwai masu son haka, suna cewa yaran jihar da ke son shari'a ko adabi ba su da gurbi a jami'ar tarayya da ke ƙofar gidansu. Hujjarsu tana da nauyi. Sai dai mu a ganinmu, in za a faɗaɗa, lalle a tabbatar kuɗin ɗakunan gwaji ba su narke ba, domin ɗalibin injiniya ya fi tsadar horarwa nesa ba kusa ba.

Duk da haka ƙofa a buɗe take. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Allah kuwa ya hore wa Arewa rana. Famfon sola na noman rani, da inbata, da batir, duk suna bukatar mai haɗawa da mai gyarawa. Ba sai mun yi gogayya da Taiwan wajen ƙera ƙwaƙwalwar waya ba. Mu fara da abin da gonarmu da asibitinmu ke bukata.

Saura ku iyaye mazauna Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu. Yaron da ya ci darussa biyar a jarrabawar sakandare, cikinsu da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, yana iya zaɓar Bauci a JAMB. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na gurabe na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke kewaye, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya wajen boko. Don haka a nema wa yaro takardar shaidar ƙaramar hukumarsa tun da wuri. Mai difloma ta kwalejin fasaha kuma yana iya shiga kai tsaye aji na biyu. Tun 2024 akwai rancen ɗalibai na NELFUND ga wanda kuɗin makaranta ya gagara.

Yaron nan da ke kwance rediyonka yana ɓata maka rai, kada ka yi saurin dukansa. Ka tambayi malaminsa yadda yake a lissafi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.