Rumbun Littattafai: Wa Zai Zuba Masa Hatsi?

A wannan fitowa za mu ɗan fita daga tsakar gida, mu leƙa wani gida da yawancinmu muke wucewa ta ƙofarsa ba tare da mun yi sallama ba, wato ɗakin karatu na jama'a, wanda a Faransanci ake kira bibliyotek, ƴan uwanmu na Najeriya kuma suke ce masa laburare.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wata ziyara da na kai wa ƙanena a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Bayan sallar isha'i na nemi ɗansa, wanda ke shirin jarrabawar birebe, aka ce mini ya tafi karatu. Da na bi sawu sai na tarar da shi tare da abokansa a gindin fitilar bakin titi kusa da tasha, kowa ya buɗe littafinsa a kan gwiwa, ƙwari na faɗo musu, motoci na busa musu ƙura. Na ce masa, “Yaro, ashe garin nan ba ku da ɗakin karatu?” Ya ce, “Akwai, Baba, amma ya daɗe a rufe.” Washegari muka je tare. Mai gadi ya shaida mana cewa saurayin da ke kula da wurin ya yi watanni ba a biya shi ba, har ya gaji ya kama sana'ar kabu-kabu. Na leƙa ta taga, na ga littattafai jere a kan katako, ƙura ta lulluɓe su, gara ta fara ja musu hanya daga ƙasa, ga kuma tabon yoyon damina a jikin bango. Ginin na nan, littattafan na nan, masu ƙishirwar karatu na nan, amma ƙofa a garƙame.

Kafin mu yi maganar kuɗi, ya kamata mu san abin da muke asara. Ɗakin karatu na jama'a ya bambanta da na makaranta, domin shi na kowa da kowa ne: ɗalibi da malami, tela da manomi, matar aure da tsohon ma'aikaci. Aikinsa na farko shi ne bayar da aron littafi, mutum ya yi rajista, a ba shi kati, ya tafi da littafi gida ya maido a kan lokaci. Na biyu, samar da wurin zama mai haske da natsuwa, abin da gidajenmu da yawa ba su da shi, musamman inda yara takwas ke kwana a ɗaki ɗaya. Na uku, jaridu da mujallu da ƙamus da taswira, waɗanda ba kowane magidanci ke iya saye ba. Inda wurin ke da rai kuwa, akan shirya wa yara zaman tatsuniya da kacici-kacici, da gasar karatu da rubutu, da wasan kwaikwayo, a kuma gayyato likita ko malamin gona ya yi wa jama'a bayani. Akwai kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Dattijon da ya yi ajin yaƙi da jahilci, ko yarinyar da ta bar makaranta a aji na shida, idan ba su sami abin karantawa ba, cikin ƴan shekaru karatun zai zube, kamar yadda rijiyar da ba a ɗiba take cikewa da ƙasa.

Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa a kan irin waɗannan ɗakuna tun shekarar 1949, aka sabunta ta a 1994, aka sake sabunta ta a 2022. Abin da ta tsaya a kai shi ne, a bisa ƙa'ida shiga ɗakin karatu na jama'a kyauta ne, kuma ɗaukar nauyinsa haƙƙi ne a kan hukumomin ƙasa da na gari. To, a nan ne gizo ke saƙa, domin a ƙasarmu Nijar, da ma maƙwabtanmu masu amfani da Faransanci, babban kaso na wannan nauyi baƙi ne suka daɗe suna ɗauke da shi.

Mu ɗauki misalin cibiyoyin da ake kira CLAC, wato cibiyoyin karatu da raya al'adu. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ce ta ƙirƙiro su, aka fara a ƙasar Benin a shekarar 1986, suka yaɗu har suka haura 300 a ƙasashe wajen 20, Nijar na cikinsu. An tsara su ne domin garuruwan karkara, kuma an aza su a kan duwatsun murhu uku. Gari ya ba da gini da mai kula da wurin, gwamnati ta sa ido ta daidaita aiki, ƙungiyar kuma ta kawo littattafai da kayan kallo da na wasanni. Tsari ne mai kyau, kuma mutane da yawa da ke riƙe da muƙamai a yau a irin waɗannan ɗakuna suka fara riƙe littafin da ba na aji ba. Amma kowace uwargida ta san abin da ke faruwa da tukunya idan aka janye dutse ɗaya daga murhu. A watan Disamba na 2023 ƙungiyar ta dakatar da Nijar, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar, Burkina Faso da Mali suka yi haka su ma. Ba hurumin wannan fili ba ne ya shiga siyasar al'amarin. Abin da ya shafe mu shi ne, dutsen da ke kawo sababbin littattafai ya gusa, dole a sami wani a gurbinsa.

Haka labarin yake a manyan birane. Shekaru da dama, ɗakin karatun da ɗaliban Yamai suka fi dogara da shi yana cikin cibiyar al'adun Faransa da Nijar mai sunan Jean Rouch, wadda take da ƴar uwa a Damagaram. A ranar 16 ga Janairu na 2015, a cikin zanga-zangar da ta biyo bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo, aka cinna wa ta Damagaram wuta. Fushin jama'a yana da dalilinsa, amma waɗanda suka wayi gari ba su da wurin karatu ƴaƴan Damagaram ne, masu zanen kuwa ko zafin wutar ba su ji ba. Ta Yamai kuma, a watan Oktoba na 2024 an sauya mata suna zuwa na Moustapha Alassane, shahararren mai shirya fina-finan nan na ƙasarmu da ya rasu a 2015. Sunan ya dawo gida, haka ma ɗawainiyar. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Yanzu da muka ajiye na aro, sai mu saƙa namu.

Me ya sa riƙe ɗakin karatu ya fi gina shi wuya? Dalili shi ne, gini sau ɗaya ake yi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Sauran kuwa ciyarwa ce ta kullum. Littafin da yara ke so, idan ya bi hannu hamsin, ya zama tsumma, sai an ɗinke shi ko an sauya shi. Ƙamus da littattafan kimiyya suna tsufa ko ba a taɓa su ba. Harmatan na kawo ƙura, damina na kawo laima, gara kuwa ba ta hutun ƙarshen mako. Ga kuɗin wuta, ga na jaridu, ga albashin mai kula da wuri, wanda shi ne ran ɗakin baki ɗaya. Bugu da ƙari, yawancin littattafan Faransanci daga waje ake shigo da su, kuma manya daga cikinmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, farashin duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, da ya ba ƙananan hukumomi 265 majalisunsu, ɗawainiyar ayyuka da yawa ta koma hannun gari. Sai dai asusun da ake jira ya gyara kasuwa, ya haƙa rijiya, ya kwashe shara, da wuya ya tuna da littafi, tunda littafi ba ya kuka, masu karanta shi kuma yawancinsu ba su kai shekarun jefa ƙuri'a ba. Alhali kuwa kusan rabin al'ummar ƙasar nan ba su wuce shekara 15 ba.

Akwai kuma laifin da ke kanmu, wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Mutane da yawa suna ɗaukar ɗakin karatu a matsayin gidan ƴan boko, saboda da wuya ka shiga ka tarar da abin karantawa cikin harshenka. Alhali tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa yana bukatar kanta a ɗakin karatu. Ina Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam? Ina littattafan da marubutanmu na gida suka wallafa cikin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci? Ina na Larabci da ajami, waɗanda dubban almajirai da malaman zaure za su iya karantawa? Mu ba baƙin littafi ba ne. A cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami wajen 4,000, waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tattarawa. Kakanninmu sun kwafi littafi da alƙalamin kara, sun ɗinka masa gafaka, sun ba da aronsa daga gari zuwa gari. Abin kunya ne a ce jikokinsu, a zamanin injin ɗab'i, sun bar wa gara nasu.

Wani zai ce ai yanzu komai na cikin salula. Gaskiya ne intanet ta kawo sauƙi, kuma ɗakin karatu na zamani ya kamata ya sami kwamfuta da faifan hasken rana. Amma salula tana bukatar kuɗin kati da caji, kuma ba ta tace wa yaro tsaba daga tsakuwa. Mai kula da ɗakin karatu ya san yaron da sunansa, ya san abin da ya karanta jiya, ya san abin da zai miƙa masa gobe.

To, ina mafita? Ga abin da nake ganin kowane gida zai iya.

Da farko, mu kai ƴaƴanmu mu yi musu rajista, mu ma mu yi. Hukuma ba ta zuba kuɗi a ɗakin da babu kowa a ciki, amma kundin rajista mai cike da sunaye hujja ce da ba a iya musawa. Kada kuma mu manta da ƴan mata. A nemi a ware musu sa'o'i da rana, da wata mace mai kula da su, domin hankalin iyaye ya kwanta.

Na biyu, mu buɗe baki. Idan lokacin tsara kasafin kuɗin gari ya yi, iyayen yara da limamai da masu unguwanni su je wurin shugabannin ƙaramar hukuma su tambaya, cikin ladabi, nawa aka ware wa ɗakin karatu, kuma an biya mai kula da shi ko ba a biya ba.

Na uku, mu yi karo-karo. Mu yi lissafi: gida 200, kowane ya ba da dala 20 a wata, an sami jaka 20 ke nan, a shekara jaka 240. Wannan zai taimaka wajen biyan kuɗin wuta, da maganin gara, da ɗinkin littattafai, har a sayo sababbi. Sharaɗi ɗaya ne: a naɗa kwamiti na amintattu, a rinƙa liƙa lissafin shiga da fita a ƙofa kowa ya gani, domin rashin amana ne ya kashe asusu da yawa a garuruwanmu.

Na huɗu, ga masu hali, da ƴan kasuwa, da ƴaƴan gari mazauna ƙasashen waje, akwai ƙofar waƙafi, wadda da ita aka riƙe manyan ɗakunan littattafai a tarihin Musulmi. Wanda ya tsayar da shago ɗaya, ya ce kuɗin hayarsa na ɗakin karatun gari ne har abada, ya dasa itacen da zai ci gaba da ba da inuwa bayan ransa. Sai dai mai ba da kyautar littattafai ya fara tambayar abin da ake bukata, kada ɗakin ya zama juji na tsofaffin takardun da aka rasa inda za a zubar.

Na ƙarshe, kuma mafi sauƙi: wanda ya ari littafi ya maido. Ku duba cikin akwatuna da ƙarƙashin katifa, wataƙila akwai amanar jama'a da ta shekara a gidanku.

Kafin in baro garin nan da na ba ku labari, ƙanena da wasu iyaye biyar sun yi alkawarin zuwa wurin hukuma a kan maganar albashin saurayin nan, matan unguwa kuma suka ce su za su share ɗakin su kaɗe ƙura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu karatu da ke da irin wannan labari a garuruwansu, na daɗi ko na takaici, su rubuto mana domin mu ƙaru da juna.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.