Tashe A Kan Dandamali: Wa Ya Yi Dariya, Wa Ya Murtuke Fuska?

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Wannan karin magana ne ya faɗo mana a rai a wani dare na azumin da ya wuce, lokacin da wasu samarin zango a nan Parakou suka share farfajiyar wata makaranta, suka jera bencina, suka rataya fitilu, suka ce bayan sallar asham za su dawo mana da tsofaffin wasannin tashe, amma a kan dandamali, ba gida-gida kamar yadda muka taso muka gani ba. Mun je, mun kuma kalla. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalinmu ba 'yan wasan ba ne, 'yan kallon ne. Domin wasa ɗaya aka yi, amma jama'a suka watse kashi uku, kuma har bayan sallah ana ta musayar yawu a kai a rumfunan kasuwar Arzeke, maganar ma ta bi motocin haya har Djougou.

Ga wanda ya manta, tashe wasa ne na waƙa da kiɗa da ban dariya da ake farawa idan azumi ya kwana goma. Sunansa daga tashi ya samo asali, wato tayar da mutane sahur. Yara maza da ƙungiyarsu, 'yan mata da tasu, kowa da shigarsa: gemun auduga, tsumma, tandu, ƙwarya a kan ruwa. A Kano har sarauta gare shi, domin Nalako, sarkin gwagware, shi ke jagorantar tashen manya. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, daga Kano da Katsina su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su yada zango a Djougou kafin su miƙa Salaga, ba kanwa da fatu da baƙaƙen tufafi kaɗai suka ɗauko ba. Sun zo da harshensu, da malamansu, da wasanninsu.

Kashi na farko na 'yan kallo su ne dattawa. Waɗannan tun da aka buga gangar farko suka fara gyaɗa kai, wasu har da share hawaye don dariya. Amma da aka tashi, su ne kuma suka fara ƙorafi. Wani dattijo mai sayar da goro ya shaida mana cewa abin ya yi kyau, sai dai tashen da mutum zai zauna a benci ya kalla ba tashe ba ne. A wurinsa tashe shi ke zuwa ya same ka a zaurenka, ya tilasta maka buɗe baki ka yi dariya, ka kuma buɗe hannu ka ba da sadakar hatsi ko 'yar dala biyar. Maganarsa abin dubawa ce. A da yara na shiga har tsakar gida, don haka matan aure su ne manyan 'yan kallo. A wannan dare kuwa, in ka duba bencinan, sai ka ƙirga matan aure da yatsu. Dandamali ya tara maza, ya bar iyayen gida a baya.

Kashi na biyu su ne matasa da yara. Sun yi dariya, sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, amma duk mai lura zai ga cewa rawar da shigar ne ke ba su dariya, ba maganar ba. Inda dattawa ke fashewa saboda wata habaici, yaran sai su waiga suna tambayar me aka ce. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Ɗan zangon Parakou ko na Djougou yau da Dandanci yake ciniki, da Faransanci yake karatu a lakwal, Hausar kuwa ta rage ta gaisuwa da aike. Da yawa daga cikinsu ba su san bambancin gwauro da tuzuru ba, balle su gane abin da ya sa ake ɗaura wa mutum igiya. Wasan ya zama madubi, ya nuna mana inda harshenmu ya tsaya a bakin 'ya'yanmu.

Kashi na uku su ne waɗanda suka murtuke fuska, kuma a ganinmu su ya fi dacewa a saurara. Da aka zo tashen gwauro, an yi shewa, amma akwai samari a bayan taro da ba su ko murmusa ba. Dalili a fili yake. Lokacin da aka ƙirƙiri wannan wasa, ana kallon namijin da ke zaune ba mata a matsayin wanda ya ƙi, ko wanda halinsa ya kori matar. Yau kuwa da yawa ba ƙi suka yi ba, kasawa suka yi. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, aka datse gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ci gaba da rufe nata har aka ratsa shekarar 2025. A 2023 ɗin dai darajar naira ta zube, mai sayen da ke zuwa daga Nijeriya ya ga kuɗinsa ba sa kai shi ko'ina a gaban sefa. Parakou gari ne da ke ci daga motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwan Kwatano zuwa arewa. Yaron mota, da ɗan dako, da ɗan kamasho, da mai shayin bakin tasha, duk sun ji a jikinsu. To, wanda ya kasa haɗa kuɗin lefe saboda an rufe gada, ka zo ka yi masa waƙar gwauro, ai ka fama masa gyambo ne.

Haka nan wasan 'yan mata na Mairama da Daudu, wanda ke koya wa amarya ladabin zama da miji. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta ce da mu ba ta ƙi ladabi ba, amma ta ga an nuna Mairama tana durƙuso daga farko har ƙarshe, ba a nuna wanda ke kawo cefane ba, alhali a gidaje da dama yau tallan matar da adashinta ne ke riƙe da tukunya. Wasu malamai kuma sun nuna cewa dararen azumi na ibada ne, musamman goman ƙarshe, bai dace a cika su da ganga ba. Su ma samarin sun yi wa kansu faɗa, domin sun ajiye wasan Macukule, wanda ke tsokanar Bagwari. A ƙasar Hausa ana ɗaukar wannan a matsayin barkwancin maƙwabta da suka daɗe da sanin juna. A nan kuwa, tsakanin Bariba da Dandawa da Fulani da Yarbawa, inda mu ne aka ba masauki, kwaikwayon maganar wata ƙabila a bainar jama'a na iya zama abin da ba a nufa ba.

Amma akwai wuri ɗaya da kashi ukun nan suka haɗu. Da Jatau mai magani ya fito da jakarsa, yana lissafa saiwoyi da ɓawon itatuwa, kowane da cutar da wai yake warkarwa, taron gaba ɗaya ya kece, yaro da babba, har da masu murtuke fuskar. Me ya sa? Saboda kowa ya san Jatau. Yana nan a tasha da lasifika, yana nan a cikin mota yana tallan ƙwaya ɗaya mai maganin cuta goma. Ba mu manta ba yadda a 2017 hukuma ta yi dirar mikiya a kan masu sayar da jabun magunguna a kasuwar Dantokpa ta Kwatano. Haka ma wasan Ka Yi Rawa, inda malam ke musun cewa ya taka rawa, yana musun yana kuma takawa. Wannan bai buƙaci fassara ba, domin mai faɗin abu yana aikata kishiyarsa bai ƙare a duniya ba.

A nan ne darasin yake. Tsohon wasa ba ya mutuwa don ya tsufa. Yana mutuwa ne idan wanda yake yi wa ba'a ya sauya, shi kuma wasan bai sauya ba. Tashe tun asali hanya ce da ƙarami ke faɗa wa babba gaskiya cikin raha, ya kuma karɓi sadaka a kai. Idan bulalar ta sauka a kan mayaudari ko munafuki, kowa zai yi dariya. Idan ta sauka a kan wanda zamani ya riga ya kayar, dariyar sai ta koma cin fuska.

Abin tambaya shi ne, ina mafita? Muna da misalai biyu a gabanmu. A Kano, cibiyar tashen kanta, rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da wasan, kamar yadda ta yi a 2022 da kuma 2024, bisa hujjar cewa 'yan daba da masu ƙwacen waya na fakewa da shi. Ba mu ga laifin mai kare rayukan jama'a ba, sai dai yaron da ya shekara biyu ko uku bai ga tashe ba, wa zai koya wa ƙanensa? A Wagadugu kuwa wata hanya aka bi. Wasan Dodo da yara ke yi a can cikin azumi, da fuskokin dabbobi na ƙwarya, fatake Hausawa ne suka kai shi a ƙarni na 19. Mossawa suka karɓe shi ya zama nasu, har hukumar birnin kan shirya wa ƙungiyoyin unguwanni gasa. Wato abin da kakanninmu suka bari a zangon wasu ya samu gata, a gidansa kuma yana neman mai riƙe shi.

A nan Benin ma muna ganin yadda maƙwabtanmu ke tattalin nasu. Bikin Gani na Nikki na tara jama'a daga ko'ina, har daga Bargun Nijeriya, kuma a 1991 ƙasar ta fara bikin wasan kwaikwayo na FITHEB. Babu wanda zai zo ya raya mana tashe in ba mu ba. Kuma idan aka ce mu, to 'yan kasuwa ake nufi, domin tun zamanin madugai aljihun ɗan kasuwa ne ke ɗauke da malami da maroƙi da makaɗi a zango.

Don haka shawararmu huɗu ce. Ta farko, dandamali ya zama ƙari, kada ya zama madadi. A bar ƙananan yara su zaga gidajen unguwarsu da wuri, da babba ɗaya a bayansu, a kuma sanar da mai unguwa, don iyaye mata su samu rabonsu. Ta biyu, a yi na dandamalin tsakanin goma ga wata da sha tara, a bar goman ƙarshe ga masu ibada, kowa ya samu abin da yake so. Ta uku, a zauna da tsofaffin da suka san waƙoƙin, maza da mata, a ɗauki muryoyinsu tun suna raye. Marigayi Kasimu Yero ya tafi a 2017, Samanja Mazan Fama ya bi shi a 2023, kuma su an ɗauke su a faifai. Tsohuwar da ta haddace tashen 'yan mata a zangon Djougou fa, wa ya ɗauke ta?

Ta huɗu ita ce mai wuyar haɗiya. A ƙyale samarin su ƙirƙiro sababbin wasanni a kan tsohon kiɗa. A yi tashen shingen hanya, inda ake karɓar na goro kafin a ɗaga sanda. A yi na mai canji da ke da lissafi biyu. A yi na mai ɓoye masara sai ta yi tsada, da na mai mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. Mun san wasu daga cikin masu karanta wannan shafi za su ga kansu a ciki. To, a nan ne za a gane ko da gaske muke son al'adar. Mai gidan da ya san darajar tashe shi ne wanda aka yi wa ba'a a ƙofar gidansa, ya yi dariya, ya kuma sa hannu a aljihu.

Samarin nan sun yi abin a yaba masu, ko ba komai sun sa mun yi gardama a kan abin da yake namu. Saura a ga ko azumi mai zuwa Alhazan Arzeke da na Djougou za su ba da jika biyu ko uku na hayar fitila da lasifika, ko kuwa za mu ci gaba da tuna bara kawai.

Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya buɗe mana hanyoyi, Ya sa albarka a kasuwa.