Mu da Titi: Yadda Muke Kallon Haɗari



Kwanakin baya na shiga motar haya daga Kura zuwa cikin Kano, aka ba ni gaba. Da na jawo bel na ɗaura, sai direba ya dube ni ya ce, "Haba Malama, ba ki yarda da tuƙina ba ne? Ai abin da zai faru sai ya faru." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ban kwance ba dai, amma maganar ta tsaya mini a rai.

A wurinmu direban da ke taka mota shi ne gwani, hon kuwa ma'anarsa "kauce, ga ni nan". A ƙasar Suwidin ba haka suke kallon abin ba. Tun 1997 majalisarsu ta amince da manufar cewa bai kamata a rasa rai ko ɗaya a kan titi ba. Hujjarsu ita ce ɗan Adam ajizi ne, dole wata rana ya yi kuskure, don haka a tsara titi da gudun mota yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Can direba ne ke tsayawa mai tafiya a ƙasa ya tsallaka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a titi duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, na Afirka ya kusa ninka na Turai sau uku, alhali sun fi mu motoci nesa ba kusa ba. Haɗarin titi ne kuma kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

To mu dawo gida. Ruwan Tiga ya kawo wa Kura da Bunkure albarkar noman rani, Alhamdu lillahi. Sai dai titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta wajenmu, ga manyan motoci masu lodin tumatir daga Kwanar Gafan. Mu kuma a bakin kwalta muke shanya shinkafa, mu tura yarinya 'yar shekara bakwai ta kore awaki, ko ta bi motoci da farantin talla. Uwargida, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya kai ƙafa kan birki ya riga ya wuce tsawon gidanki. Yaro ƙarami kuwa bai iya auna gudun mota da ido ba. Yana hango ta can nesa sai ya ɗauka yana da lokaci.

Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma ɗalibaina ma sun san labarin mutumin da Annabi (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ban ga bambancin igiyar raƙumi da bel ɗin mota ba.

Don haka idan maigida zai kwashi yara huɗu a babur zuwa Islamiyya, ki lallashe shi ya yi sawu biyu. Shanya kuma a matsar da ita ciki, ko babba ya tsare ta. Da magariba, lokacin da ido ba ya gani sosai, kada ki aiki yaro tsallaken titi ko da maggi ne ya ƙare.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.