Baƙunta Ba Ciwo Ba Ce: Yadda Za Ki Saki Jiki a Sabon Wuri

A wannan wata zan tsaya ne a kan wata wasiƙa da wata 'yar uwa ta aiko mani daga Hayin Dogo, Samaru. An kawo ta aure daga Katsina wata huɗu ke nan, amma har yau ba ta taka gidan maƙwabciyarta ba. An yi suna a layinsu, ta yi wanka ta yafa mayafi, da ta kai ƙofar gidan ta ji hayaniyar mata sai gabanta ya yanke ya faɗi, ta juya gida. Yanzu labari ya iso mata cewa ana ce da ita mai girman kai.

'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba wani mugun abu ne ya same ki ba.

Da farko ki san inda kike. Samaru gari ne da baƙi suka raya. Tun shekarar 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, sannan a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wadda duk shekara take kwaso ɗalibai da ma'aikata daga kowane lungu na Nijeriya. Sabon Gari kuwa sunansa ma ya faɗi tarihinsa, domin ya bunƙasa ne da zuwan layin dogo da ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. To, matar da kike jin nauyin yi wa magana, da wuya in ba ita ma wata rana da akwatinta ta sauka a Kwangila ba ta san kowa ba.

Na biyu, ki fahimci abin da ke faruwa a jikinki. Idan mutum ya shiga wurin da bai saba ba, jiki kan saki wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin. Shi ne ke sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya yi gumi, murya ta yi rawa. Wannan shiri ne na kare kai da aka halicce mu da shi, kuma yakan lafa da kansa idan kin daure kin zauna. Amma duk ranar da kika juya daga bakin ƙofa, kin koya wa zuciyarki cewa gudu ne mafita, gobe tsoron sai ya fi na yau.

Na uku, idon mutane bai kai yawan da kike zato a kanki ba. Wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich, ya wallafa wani bincike a shekarar 2000. An sa ɗalibai sun saka wata riga mai ban kunya sun shiga cikin 'yan uwansu. Sun ɗauka kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da rigar, ashe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka lura. Haka abin yake a gidan biki. Kina tunanin ɗaurin ɗankwalinki, ta kusa da ke tana tunanin nata.

To, mene ne abin yi?

Ki fara da ƙarami. Kada ki ce taron suna ne zai zama fitarki ta farko. Ki nemi izinin maigida, ki shiga gida ɗaya da hantsi lokacin da babu cunkoso, ki yi sallama, ki gaisa, ki ce ke ce amaryar gidan wane. Minti goma ya isa. Ɗan cincin ko dubulan a leda yakan buɗe hira. Zumunta a ƙafa take.

Kafin ki shiga, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kamar sau biyar. Wannan na rage bugun zuciya.

Ki riƙe tambaya a bakinki. Ba dole sai kin iya zuba ba. "Maman wane, ina kuke kai niƙa?" "Wace Islamiyya ce ta matan aure a nan kusa?" "A kasuwar Samaru kuke sayen atamfa ko sai an shiga Sabon Gari?" Mutane na son a nemi saninsu, kuma matambayi ba ya ɓata. Ki kuma riƙe sunan mutum da na 'ya'yansa, domin wadda kika tambayi jikin ɗanta da sunansa ba za ta manta da ke ba.

Ku kuma 'ya'yana sababbin ɗalibai da aka ba ku ɗaki a Amina ko Ribadu, wannan magana ta shafe ku. Ki gaida abokan ɗakinki ko da yarenku da addininku ba ɗaya ba ne. Ki je aji da wuri, ki zauna kusa da wata, ki tambayi sunanta. Amma kada kaɗaici ya sa ki faɗa hannun duk wanda ya fara washe maki baki. Akwai masu farautar sababbin ɗalibai saboda sun san ba su da kowa. Ki saki fuska ga kowa, amma sirrinki sai wadda kika gwada halinta. Kuma duk ƙawar da ta ce ki sha wata ƙwaya ko maganin tari don ki daina jin kunyar mutane, ba ƙawa ba ce. Saboda irin ɓarnar da ya yi wa matasa, har da matan aure, gwamnatin tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018.

Sai mu rarrabe tsakanin kunya da tsoro. Kunya ado ce, tana hana ki aikata abin da bai dace ba. Amma abin da ya hana ki zuwa gaida mara lafiya, ko yi wa malami tambaya, ko gaya wa likita inda ke maki ciwo, wannan tsoro ne, kuma yana tauye ki. Idan ya kai wata shida ko fiye yana hana ki zuwa aji ko fita sabgar dangi, ko yana hana ki barci, ki ga likita. Asibitin Koyarwa da ke Shika na da masu kula da irin wannan damuwa, kuma ana samun sauƙi. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

A ƙarshe, ku da kuka daɗe a unguwa, nauyi na kanku. Kafin ku ce amarya na da girman kai, wace ce a cikinku ta fara shiga ta yi mata sannu da zuwa? Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

'Yar uwata ta Hayin Dogo, ina jiran wasiƙarki ta biyu, ki gaya mani gida nawa kika shiga. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.