Gidan da Gumi Ya Gina



Duk ƙarshen shekara muna yi wa iyalan da kuɗin haya ya sha kansu addu'a, wani lokaci mu tara musu baiko. Baɗi kuma su dawo da kuka iri ɗaya. A ganinmu lokaci ya yi da ikilisiya za ta taimaki talaka ya mallaki gida, ba ta tsaya ga biyan haya ba.

Akwai waɗanda suka riga mu. A 1976, Millard Fuller da matarsa Linda suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a garin Americus na jihar Jojiya a Amurka. Sun koyi tsarin a gonar Koinonia wurin Clarence Jordan, suka kuma gwada shi shekara 3 a Mbandaka, a ƙasar Zayar ta lokacin. Tsarin mai sauƙi ne. Iyalin da aka zaɓa sukan ba da sa'o'i ɗaruruwa suna aikin gina gidansu da na wasu, tare da masu aikin sa kai. Sa'an nan a sayar musu da gidan ba riba, su biya kaɗan-kaɗan, kuɗin kuma ya shiga ginin gida na gaba. Tun farko ba su sa ruwa a bashin ba, bisa ga Fitowa 22:25. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya fara riƙe guduma tare da su a 1984, ya yi fiye da shekara 30 yana yi.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ba talaka kyauta ba? Domin kyauta takan ƙare a gida ɗaya, kuma mai karɓa kullum kansa a sunkuye yake. Wanda ya kwaɓa siminti da hannunsa yakan shiga gidansa da mutunci. Gwauruwa ko tsoho da ba su iya ɗaukar bulo, sai su dafa wa ma'aikata abinci, ko 'ya'yansu su tsaya a madadinsu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da gayya kakanninmu suka yi noma, da ita suka ɗora jinka. A Nehemiya sura 3 ma, firistoci da maƙeran zinariya da 'ya'yan Shallum mata duk sun fito, wasu suna gyara daidai ƙofar gidansu, garun ya ƙare cikin kwana 52.

Gaskiya ne gumi ba ya sayen kwano. Dole a nemi fili mai sahihiyar takarda, a kafa asusu a hannun amintattu, dattawa su zaɓi iyali ba son kai. Amma a zumuntarmu akwai magina da kafintoci da masu haɗa wuta. Mu kai maganar gaban dattawa, mu fara da ɗaki biyu na iyali ɗaya, Asabar ɗaya kowane wata.

Ubangiji ya ƙarfafa hannuwanmu. Amin.